Allon Da Ban Kankare Ba

Ranar Laraba ce, wajen ƙarfe goma na safe, ina durƙushe a gaban baho ina wanki. Idona na hagu ya kumbura ya rufe, shi ya sa ban je shago ba. Na ɗauko doguwar rigar aikina mai ruwan toka, wadda dalma ta huhhuda wa gaba, na zura hannu a aljihu kamar yadda na saba kafin in jiƙa kaya. Sai na taɓa wani abu siriri. Na zaro. Reza ce sabuwa dal, a cikin takardarta, ko ɓare ta ba a yi ba.

Na tsaya ina kallonta, ina ƙoƙarin tuna yadda ta shiga aljihun. Kafin in gama tunani aka banko ƙofar gida.

Mai ɗinkin da shagonta yake manne da namu ce. Ba mayafi, takalmi ƙafa ɗaya, tef ɗin awo na lilo a wuyanta.

"Auta! Ina Ummanku? Wayyo Auta, shagonku! Yayanki!"

Umma ta fito daga ɗaki da carbi a hannu. "Me ya samu shagon? Yi magana mana, baiwar Allah!"

"Batura ne suka fashe. Yana jona allo kawai muka ji ƙara, gilashin shagona duk ya zube. An fito da shi, amma..." Sai ta dafe kai ta zauna a ƙasa.

Umma ba ta yi kuka ba a lokacin. Bango ta nufa ta fara buga goshinta, sau ɗaya, sau biyu, a na uku jini ya ɓalle. Mai ɗinki ta rirriƙe ta suna ta kokawa. Ni kuwa ina tsaye, kumfa na ɗiga daga gwiwar hannuna, na dunƙule rezar nan a tafina har ta yanka takardar ta shiga nama. Ban ji zafi ba. A daidai lokacin na gane me ya sa rezar take a rufe, na kuma san wanda ya kashe Yayana.

Masu karatu, kun yi ta turo saƙo kuna tambayar ina na shige wata guda, wasu har da zolaya, wai ko an ɗaura ne ban gayyace ku ba. Ba a ɗaura ba. Ga abin da ya faru, kuma ba zan yi wa kaina kwalliya ba. Wanda yau ya fara karantawa, bari in ɗan koma baya saboda shi.

Mu biyu Umma ta haifa, ni da Yaya. Tun rasuwar Abbanmu shi ne uban gidan. Ni a aji shida na tsaya, shi kuwa kansa na ja, ya buɗe shagon haɗa inbata, akwatin nan da ke ɗaukar wutar batir ya mayar da ita wutar gida. In kun taɓa buɗe cikin rediyo, kun ga wani koren allo mai siraran layukan jan ƙarfe kamar hanyar tururuwa. To irin wannan allon Yaya yake zanawa a kwamfuta, ya tura masana'anta a bugo, ni kuma in zauna in liƙa masa ƙananan kaya da dalma. Shekara shida ina wannan aikin. Ba na iya karanta abin da ke kan kwamfutar, amma ko ido a rufe na san ƙafar da ta sha dalma da wadda ba ta sha ba.

Manhajar da yake zanen da ita ba ta da mai ita. Ta kowa ce, kyauta ake ɗauka, kuma duk wanda ya iya zai buɗe cikinta ya yi gyara. Mutane ne barkatai a ƙasashe daban-daban suke raya ta bayan sun tashi daga aikinsu, suna da zaure a intanet inda suke shawara da faɗa. Sai dai gyara ba ya shiga sai masu riƙe da mabuɗi sun sa hannu. Su uku ne, Yaya ɗaya daga ciki. A zauren Allura suke ce masa, saboda komai ya yage shi ɗinki zai ce a yi.

A can ya haɗu da wanda suke kira Gatari. Shi kam ba sai na faɗa muku dalilin sunan ba. Da suka gano gari ɗaya suke, sai ya fara zuwa shago, dogo siriri mai tabarau, farar riga kullum a goge, wai ya zo gardama da Yaya. Gardamar ta yi wata takwas, har ran nan Yaya ya ce masa, "Malam, in gardama ce ta kawo ka, ga ni nan ta gabas. Me idonka yake nema a teburin yamma?" Teburin yamma nawa ne. Wata biyu bayan nan aka sa mana rana, ya saka mini zoben azurfa mai ɗan koren dutse, wai kalar allo.

Amma gardamar ba ta mutu ba. Manhajar ta tsufa, shekararta goma sha tara, kuma tana da wani ciwo tun daga tushe: in aka juya wani kaya zuwa bayan allo, awonta yakan kauce da ɗan abin da bai kai kaurin gashi ba. Yaya ya rubuta jerin gyare-gyare arba'in da biyu, ya ce a bi su ɗaya bayan ɗaya, duk wata uku a fitar da sabon zubi. Gatari ya ce a dakatar da komai shekara biyu, a rushe tushen a sake gini.

"Shekara biyun nan taka biyar ce," in ji Yaya. "Mutanen nan kyauta suke aiki. Wannan zai yi aure, wancan matarsa za ta haihu, a bar mu da rami babu gida. Kuma masu ƙananan shaguna irina, tsofaffin zanensu ba za su buɗu a sabuwar taka ba. Ka ce su ci me?"

"Yaya, faci kan faci kake yi. Rigar fa ta ƙare, facin ne kawai ya rage."

"Amma dai tana rufe tsiraici."

"Tana rufewa, in dai mai ita ba zai sunkuya ba."

Ni dariya kawai nake yi ina liƙina. Aka tsayar da wata Asabar da za a jefa ƙuri'a a zauren, ko allura ko gatari.

Ciwon manhajar nan ya taɓa mu ma. Alluna ɗari uku aka bugo mana. Da suka iso, Yaya ya ga wani siririn zaren jan ƙarfe a bayan kowanne, ya haɗe layuka biyu da bai kamata su taɓa juna ba: layin da wutar batir ke shiga da wanda take komawa. Zubar da su ba zai yiwu ba. Sai ya koya mini: in ɗauki reza in kankare zaren, in liƙa kaya, sannan in ɗiga jan farce a kusurwar allon. Ɗigon nan shi ne sa hannuna. Duk allon da Yaya ya ga ja a kusurwarsa, ko mitar gwaji ba ya ɗora masa, jonawa kawai yake yi. Ɗari biyu da sittin da ɗaya na yi, ko ɗaya bai taɓa ba shi kunya ba.

Ranar Talata da la'asar rezata ta dakushe. Na jefa ta a gwangwani, na ɗauko sabuwa daga kwali, ga allo a gabana ban taɓa shi ba tukuna. Sai na ji Yaya ya ture kujera har ta kife.

"Auta, zo nan. Hannun waye wannan?"

Ya juyo mini da fuskar kwamfuta. Hoton hannuna ne riƙe da reza a kan allo, ga zobena yana ƙyalli. Na tuna ranar da Gatari ya ɗauka, ya ce don ya riƙa kallo ne in ya yi kewata. Ashe ya liƙa shi a zauren, ya yi rubutu a ƙasa. Yaya ya karanta mini: "Ga yadda mai riƙe da mabuɗi yake gyara manhajarsa. Da hannun ƙanwarsa."

Mutum ɗari huɗu sun gani. Wasu har sun sa fuskar dariya.

Kamar an kira shi, sai ga Gatari da ledar lemo a hannu yana murmushi. "Sannunku da aiki. Mai Reza, ga..."

Sunan da yake kirana da shi ke nan. Bai ƙarasa ba. Yaya ya shaƙo wuyan farar rigar ya maka shi da kanta. Kwalaben ƙananan kaya suka zubo suka watse a ƙasa kamar tsakuwa.

"Ƙanwata ce abin yaƙin neman ƙuri'arka? Hannunta za ka baje wa duniya?"

"Gaskiya na nuna! Ƙarya na yi? Sake ni, Yaya!"

"Kada ka ƙara ce mini Yaya, ɗan rainin hankali!"

Ya kai masa naushi a baki, tabarau ya yi tsalle. Ban taɓa ganin Gatari ya ɗaga wa kowa hannu ba, amma ran nan ya sunkuya ya ɗauki Yaya ta ƙugu, suka faɗa kan tebura. Na jefa rezar a aljihu na shiga tsakani ina ihu. Gwiwar hannun ɗayansu, har yau ban san ta waye ba, ta same ni a ido, na ga wuta. Maƙwabta suka cika ƙofa. Mai walda da mai gyaran babur suka ɓamɓare su da ƙyar. Gatari na tsaye a titi, jini na zuba a gaban rigarsa, ya nuna shagon da yatsa ya ɗaga murya yadda kowa ya ji:

"Wallahi facin nan naka sai ya kashe mutum! Ka rubuta ka ajiye!"

Da aka watse, Yaya ya zauna yana huci. Ya ce in gama abin da ke gabana in tafi gida, gobe ma kada in fito da wannan idon. Na koma teburina, ido ɗaya a rufe, ɗayan cike da hawaye. Na ga allo a gefen da nake ajiye wanda na riga na kankare. A ture-turen nan ne ya matsa can. Na liƙa masa kaya, na ɗiga masa ja, na ɗora a layin Yaya. Tsohuwar reza na gwangwani, sabuwa na aljihuna a rufe, ni kuma ban tuna ba sai a gaban baho.

Ina fita ya kira ni. "Auta." Na juyo. "Ki sa ƙanƙara a idon nan. Kin yi kama da mujiya."

Ban yi dariya ba. Da ya dawo gida na rufe ɗakina saboda fushi, da safe ya fita ban gaishe shi ba. Maganarsa ta ƙarshe da ni ke nan.

An binne shi a ranar. Waɗanda suka yi masa wanka ba su bari Umma ta ga fuskarsa ba, ruwan batir ya cinye ta.

Kafin kwana biyu, maganar Gatari ta canza kaya a bakin mutane. Daga "facinka zai kashe mutum" ta koma "sai na kashe ka." Mai gyaran babur ya rantse da kunnensa ya ji. Wata ta ce an ga mai farar riga a bayan shagon da sassafe. Kawu, yayan Umma, tsohon direban babbar mota mai hannu kamar faranti, ya tare a falonmu shi da 'ya'yansa biyu, ƙarti ne da ƙofa ke yi wa kaɗan.

A rana ta uku Kawu ya kira ni ɗakin Umma. Tana kwance da ƙyalle ɗaure a goshi.

"Ke 'yar nan, cire zoben nan."

Na rufe hannun da ɗayan.

"Ba ki ji ba? Wanda ya kashe ɗan'uwanki kike yawo da ƙarfensa a yatsa?" Ya damƙo hannuna ya murɗe zoben ya fizge, fatar gaɓar ta biyo shi. Ya wurga shi ta taga. "Jibi za mu je wurin 'yan sanda. Za ki buɗe baki ki ce kin ji ya ce zai kashe shi. Ke ce a cikin shagon, maganarki ce za ta ɗaure shi."

"Kawu, ba haka ya ce ba."

Marin da ya yi mini sai da kunnena ya ɗauki ƙara. Umma ta ɗago kai, muryarta a dishe. "Auta, ke kaɗai kika rage mini. Ki tsaya wa ɗan'uwanki. Allah ya isa tsakanina da yaron nan. Yadda ya raba ni da nawa..." Ta yi ta jero masa baki, ni kuma ina durƙushe, ina ji, na riƙe gaskiyar a cikina. Na san za ku ce me ya hana ni faɗa. Ku dubi matar da ta fasa goshinta da bango, ta ce ke kaɗai kika rage mata, sannan ku buɗe baki ku ce mata ke ce. Na kasa. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Washegari da hantsi wayata ta motsa a ƙarƙashin filo. Gatari ne. Tun ranar faɗan bai neme ni ba.

"Na shiga shagon ranar da abin ya faru, kafin a rufe. Na ga allon."

Wani saƙon ya shigo.

"Akwai ɗigon ja. Ba a kankare ba."

Sai na uku.

"Na ɗauke shi na jefar inda ba mai gani. Kada ki ce komai, Mai Reza. Ni na sa hoton, ni na jawo faɗan. Ki bar shi a kaina."

Na rubuta, "Za su kai ka wurin 'yan sanda."

"Su kai. Ba su da shaida."

"Don Allah kada ka zo unguwar nan."

"Zan zo in yi wa Umma gaisuwa. Abokina ne ya mutu."

Na goge saƙonnin duka. Kun ji ko? Goge su na yi. Har wani sanyi na ji a raina, Allah ya yafe mini, cewa an samu wanda zai ɗaukar mini kayan.

A rana ta biyar Kawu ya ce kafin mu wuce wurin 'yan sanda mu biya shago, in nuna musu abin da za a iya tsira da shi. Na sa baƙar doguwar riga da mayafi. Shagon ya yi baƙi ƙirin, warin ruwan batir na shiga har ƙwaƙwalwa. Takardar jerin gyare-gyaren Yaya tana nan manne a bango, rabinta ta ƙone, ya soke goma sha shida da jan biro. Ina tsaye ina kallon rubutun hannunsa na ji babban ɗan Kawu ya ce, "Kai! Ga shegen nan!"

Ta titin shagon ake bi zuwa gidanmu. Gatari ne tafe da farar riga da sabon tabarau, leɓensa har yanzu a kumbure. Ya ga sun taso, bai gudu ba. Ya tsaya ya ɗan rusuna.

"Kawu, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri?"

Kawu ya amsa masa da ƙafa a ciki. Yana faɗuwa suka rufe shi, da ƙafa, da bel, da wani guntun katako. Mutane suka taru, babu mai cewa a bari, wasu ma cewa suke a ƙara masa. Bai yi ihu ba, kansa kawai ya rufe da hannuwa.

"Faɗi abin da ka sa a shagon!"

"Ban sa komai ba."

"To uban wa ya sa?"

Ya ɗago. Ta tsakanin ƙafafuwansu idonsa ya same ni a bakin ƙofa. Ya ɗan girgiza mini kai. Sannan ya ce, "Ban sani ba."

"Da wannan hannun kake danne-dannen naka ko?" in ji Kawu. "Ku jawo mini shi."

Suka ja shi zuwa ƙofar shagonmu, ta ƙarfe ce mai nauyi. Ƙaramin ya take masa baya, babban ya shimfiɗa hannunsa na dama a inda ƙofar ke haɗuwa da bango. Kawu ya ja ƙofar baya ya maka. Na ji ƙarar, kamar an taka busassun itatuwa. A nan ne ya yi ihu. Kawu ya sake jan ƙofar.

"Kawo na hagun."

Ban san lokacin da na faɗa shagon mai ɗinki ba. Dutsen gugarta na jone a kan tebur, tana cikin goge wata riga ta fito kallo. Na fizge shi har wayar ta tsinke, na fito na manna wa babban ɗan Kawu a damtse. Na ji ƙaurin fata. Ya kurma ihu ya saki, ya yi baya ya faɗa kwata. Na tsaya a kan Gatari da dutsen gugar a sama, mayafina ya faɗi, ina juyawa kamar mahaukaciya.

"Duk wanda ya matso sai na goge masa fuska! Kawu, har kai!"

"Kin haukace ne? A kan wanda ya kashe..."

"Ni ce! Ni na kashe shi!"

"Mai Reza, yi shiru," in ji Gatari daga ƙasa, bakinsa cike da jini.

"Ba zan yi ba. Ku buɗe kunne ku ji. Akwai zaren da nake kankarewa a kowane allo kafin in sa masa ja. Ranar faɗan ban kankare ɗaya ba, na sa masa jan. Yaya ya yarda da ni ya jona. Wannan bawan Allah ya gani ya rufa mini asiri, shi ne kuke karya shi. Ga ni nan, ga hannuna, ku sa a ƙofar!"

Mai walda ne ya fara magana, can ƙasa-ƙasa. Ya ce ai fis ɗin teburin gwajin, wanda ke yanke wuta in ta yi yawa, ya ƙone tun watan jiya, marigayi ya ɗaure wurin da waya, ya ce faci ne kafin ya sayo wani. Da fis na nan, da shi zai ƙone, ba mutum ba. Shi ma kwana biyar yana riƙe da wannan maganar. Babu wanda ya kula shi. Aka ɗauki Gatari a motar wani zuwa asibiti. Kawu ya murɗe dutsen gugar daga hannuna, ya damƙi gashina, da shi ya ja ni har gida.

Ya wurga ni gaban Umma ya ce, "Maimaita mata."

Na maimaita, ban rage ko ɗaya ba.

Ta tashi zaune a hankali. "Yaushe kika sani?"

"Tun ranar, Umma. Tun mai ɗinki na riƙe da ke."

"Tun ranar." Ta kalle ni kamar ba ta san ni ba. "Kina durƙushe a nan ina tsine wa ɗan mutane, kina ji. Kika bar ni na ɗauki hakkinsa a kan gawar ɗana."

Ta zare wayar rediyo daga bango ta fara zuba mini, baya, wuya, hannu, duk inda ta samu. Ban kare ba. Ta yi ta yi har hannunta ya gaji wayar ta faɗi. Sai ta ce, ba da ƙarfi ba, "Kuskuren hannu ƙaddara ce, da na yafe. Shirun nan naki ne. Fita mini." Ta saki labule.

Yatsu huɗu suka karye, likita ya ce biyu ba za su ƙara lanƙwasuwa ba. Kawu bai sake zancen 'yan sanda ba, tunda yanzu shi ake iya kaiwa, sai dai Gatari ya ce ba zai kai ƙarar kowa ba. An ɗage ƙuri'ar. Da yake ba ya iya rubutu, saƙon murya yake turo mini, nakan zagaya bayan ɗaki in kara a kunne.

"Ban janye maganata ba, Mai Reza. Tushen nan ruɓaɓɓe ne, ko gobe zan faɗa. Amma shekara biyu ta yi wa wani shagon nisa. Akwai masu alluna irin naku a wurare da yawa, kuma ba kowa ke da mai kankare masa ba. Na ce wa 'yan zauren a fara da na sha bakwai a jerin Yaya, shi ne na zaren nan. In ya shiga, sai mu koma faɗanmu." Sannan ya ce, "Ina da kai, ba ni da hannu. Ke kina da hannu. Zan riƙa faɗa miki harafi ɗaya-ɗaya kina dannawa. Ki zo."

Kawu ya aiko cewa ranar da na taka asibitin nan in nemi wani gidan. Wannan bai dame ni ba, gidan ba nasa ba ne. Mai gidan nake jira, wato Umma, ita kuma ta daina yi mini magana. Ban ce wa Gatari zan zo ba, ban ce ba zan zo ba.

Abin da nake yi shi ne, kullum da safe in na gama shara, sai in je ƙofar Umma in durƙusa a wajen labule in ce, "Umma, ina kwana." In ƙirga ashirin a zuciyata, in tashi. Ranar Lahadin da ta wuce na kai sha takwas, sai na ji muryarta daga ciki. Ba ta ɗaga labulen ba.

"Wane hannun suka karya masa?"

"Na dama, Umma."

Na jira har ƙafata ta mutu, ba ta ƙara komai ba. Litinin shiru, Talata shiru, yau ma haka. Amma na daina tashi a ashirin. Yanzu sai na kai ɗari.